Gaurayen nau'in ƙwayar HIV: asalinsa, yaɗuwarsa, da abin da yake nufi ga magani

"Assalamu alaikum, Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen kula da masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. An dawo mana da sakamakon gwajin wani majiyyaci da magani ya daina danne masa ƙwayar, sai na ga an rubuta CRF02_AG a saman takardar. Da na tambaya aka ce mini gaurayen nau'i ne. Ashe ƙwayoyin cuta ma suna gaurayuwa? Me ya sa ake cewa kowane yanki na duniya da irin nasa? Abin da ya fi damuna shi ne, ko wannan gaurayen ne ya hana maganin aiki? Matarsa ma tana ɗauke da cutar, kuma suna jiran bayani daga gare ni."

Wa alaikumus salam, Malama. Allah Ya saka miki da alheri bisa wannan aiki da kike yi. Tambaya uku kika ƙulla wuri guda: yadda nau'i biyu ke haɗuwa su haifi na uku, dalilin da ya sa suka rarrabu yanki-yanki a duniya, da kuma ko CRF02_AG ne ya kayar da maganin majiyyacinki. Bari in fara da ta ƙarshe a gajarce, tunda ita ce mutum biyu ke jira. Da wuya ƙwarai a ce shi ne. CRF02_AG tsohon nau'i ne sananne, miliyoyin mutane na ɗauke da shi, kuma magungunan da ake bayarwa yau suna danne shi kamar yadda suke danne sauran. Abin da zai gaya miki dalilin gazawar yana wani layi na wannan takarda, zan zo kansa. Amma maganar ba za ta zauna miki ba sai kin san tushenta.

Inda rassan suka samo asali

HIV iri biyu ce. Akwai HIV-2 da aka gano a 1986, wadda ta tsallako daga wani biri da ake kira mangabe, kuma yawancinta a Yammacin Afirka ta tsaya, musamman Gini Bisau da Senegal. Tana da sanyin yaɗuwa, tana kuma jinkiri kafin ta kwantar da mutum. Sai HIV-1, wadda ta game duniya. Ita an kasa ta rukuni huɗu, M, N, O da P, kuma kowane rukuni shaida ne na wani lokaci dabam da ƙwayar ta fito daga jikin biri ta shiga na ɗan Adam: M da N daga chimpanzi, O da P daga goggon biri, wato gorila. N da P mutane ƙalilan aka taɓa samu da su. O ya fi su yawa, amma bai yi nisa da Kamaru da maƙwabtanta ba. Rukunin M shi ne ke jikin mafi rinjayen mutum kusan miliyan 40 da ke rayuwa da cutar a yau.

Tushen M yana dazuzzukan kudu maso gabashin Kamaru, amma a Kinshasa ya yi ƙarfi. Binciken da aka wallafa a mujallar Science a 2014 ya nuna ya fara bazuwa a birnin wajajen 1920, sannan ya bi kogin Kwango da layin dogo ya isa garuruwan haƙar ma'adinai irin su Mbuji-Mayi da Lubumbashi. Samfuri mafi daɗewa da ke hannun masana jini ne da aka ɗiba a wannan birni a 1959, sai wani na 1960. Da aka kwatanta su, an tarar tuni sun yi nisa da juna, wato ƙwayar ta daɗe tana reshe kafin likitoci su fara ba da rahoton cutar a 1981. Rassan da aka tabbatar su ne A, B, C, D, F, G, H, J, K, sai L da aka ƙara a 2019 daga samfuran da aka ɗiba a Kwango. A sashen da ke gina ɓawon ƙwayar, bambancin reshe da reshe yakan kai kusan kashi ɗaya bisa uku.

Yadda gaurayar ke faruwa

Saƙon halittar HIV gajere ne, haruffa kusan 9,700 a kan zaren RNA. Idan ta shiga ƙwayar garkuwar jiki ta CD4, sai ta kwafe saƙon zuwa DNA kafin ta cusa shi cikin namu. Sinadarin da ke mata wannan kwafi ba ya komawa ya duba abin da ya rubuta, saboda haka yakan ɓata kimanin harafi ɗaya a cikin dubu 30. Za ki ga kamar kaɗan ne, sai kin tuna jikin da ba ya samun magani yana iya fitar da sabbin ƙwayoyi wajen biliyan 10 a yini guda. Shi ya sa masana ke cewa bambancin HIV da ke jikin mutum ɗaya ya kusa kai bambancin ƙwayar mura a duniya baki ɗaya cikin shekara guda.

Wannan sauyi ne na harafi-harafi. Gauraya kuwa shafi-shafi take ɗiba. Kowace ƙwayar HIV zaren RNA biyu take ɗauke da shi, kuma sinadarin kwafin yana da ɗabi'ar tsalle daga wannan zare zuwa wancan sau da yawa kafin ya kai ƙarshe. Ki ɗauka marubuci ne aka ajiye wa kwafi biyu na littafi ɗaya, wani shafin ya ɗauko daga na dama, wani daga na hagu. In kwafin biyu iri ɗaya ne, ba wanda zai gane ya yi haka. In kuwa ɗaya reshen A ne ɗaya reshen G, abin da zai fito na uku ne, farkonsa na wannan, tsakiyarsa na wancan.

Kafin haka ta yiwu sai rassa biyu sun haɗu a cikin ƙwayar jiki ɗaya ta mutum ɗaya. Ko dai ya kamu da biyun kusan lokaci guda, ko kuma yana ɗauke da ɗaya daga baya ya sake kamuwa da wani. Da can an ɗauka kamuwa ta biyu abu ne da ba kasafai ake samu ba. Binciken da aka yi a Rakai ta Yuganda ya nuna tana faruwa kusan daidai da yawan kamuwar farko a tsakanin mutanen wurin, yayin da na Mombasa a Kenya ya sami adadin da bai kai haka ba. Ko wanne aka ɗauka, kamuwar farko ba ta toshe ƙofar ta biyu.

Yawancin gaurayen da ake haifa a jiki nan suke ƙarewa, ko su tsaya kan mutum ɗaya da abokin zamansa. Irin wannan gauraye tilo muna rubuta shi URF. Wanda ya samu hanya ya shiga jama'a, har aka same shi da tsari iri ɗaya a jikin aƙalla mutum uku da ba su da alaƙar kamuwa da juna, shi ake ba lamba a kira shi CRF, wato gauraye mai yawo. Ma'ajiyar bayanai ta Los Alamos a Amurka ce ke riƙe da rajistar, kuma lambobin sun daɗe da haura 100. Lambar tana nuna jerin shiga rajista, haruffan kuma rassan da suka haife shi. Saboda haka CRF02_AG na biyu ne a jeri, haɗin A da G. In rassan sun wuce biyu sai a rubuta cpx. Kin lura a jerin da na kawo babu E babu I? Abin da aka fara kira reshen E a Tailan daga baya aka gane gauraye ne, aka mayar da shi CRF01_AE, kuma har yau ba a sami E zalla ba. Haka I ya koma CRF04_cpx.

Kowane yanki da nasa

Babban binciken da aka wallafa a 2019, wanda ya tattara samfura daga ƙasashe sama da 100, ya ba da wannan kaso na tsakanin 2010 da 2015: reshen C kashi 46.6 cikin 100 na masu cutar a duniya, B kashi 12.1, A kashi 10.3, CRF02_AG kashi 7.7, CRF01_AE kashi 5.3, G kashi 4.6. Idan aka haɗa dukkan gauraye, masu yawo da tilo, sun kai kashi 22.8. Wato kusan mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar irin majiyyacinki ne.

Afirka ta Tsakiya, inda abin ya faro, kusan kowane reshe yana nan, shi ya sa gauraye tilo ya fi yawa a can. Da aka fita daga nan sai hoton ya sauya, kowane yanki ya zama yana da ɗaya ko biyu da suka mamaye. C ya gangara Kudancin Afirka ta hanyar ma'aikatan ma'adinai masu kai-komo, ya kuma kafu a Habasha da Indiya. B ya tsallaka Haiti a shekarun 1960, lokacin da ƙwararrun 'yan ƙasar da dama suka yi aiki a Kwango bayan samun 'yancinta, daga nan ya shiga birnin New York wajajen 1970, ya zama shi ne na Amurka da Yammacin Turai. A Gabashin Afirka A da D ke zaune tare, musamman a Yuganda, kuma gaurayensu tilo ba ya ƙirguwa. A Yammacin Afirka CRF02_AG ne ke gaba. An fara bayyana shi daga wani samfuri na Ibadan a 1994, kuma a Najeriya shi da reshen G ne suka fi yawa, yayin da CRF06_cpx ke da ƙarfi a Burkina Faso da Mali da Nijar.

Labarin Asiya ne ya fi nuna yadda gauraye ke bin sawun mutane. CRF01_AE asalinsa Afirka ta Tsakiya ne, amma a Tailan ya ɓarke a ƙarshen shekarun 1980, ya mamaye Kudu maso Gabashin Asiya. A lardin Yunnan na ƙasar Sin, kan iyaka da Miyanma, reshen C da ya zo daga Indiya ya haɗu da wani B na Tailan a jikin masu allurar hodar heroin da ke amfani da sirinji ɗaya. Daga nan aka sami CRF07_BC da CRF08_BC. Na farkon ya bi hanyar safarar ƙwaya zuwa Xinjiang a arewa maso yamma, na biyun ya yi gabas zuwa Guangxi. Da za a zana hanyar ƙwayar cutar a taswira a ɗora ta kan hanyar 'yan safarar, layukan za su hau kan juna. Yau CRF07_BC ya fita daga masu allura ya shiga yaɗuwa ta jima'i, kuma gauraye ya fara gaurayuwa da wasu, kamar CRF55_01B da ya fito daga haɗuwar CRF01_AE da B.

Haka abin ya maimaitu a wasu wurare. CRF03_AB ya ɓulla a Kaliningrad ta Rasha a tsakiyar shekarun 1990 tsakanin masu allura. CRF35_AD shi ne ya mamaye Iran da Afganistan ta wannan hanya. A Ajantina da Yurugwai B da F suka haɗu suka ba da CRF12_BF.

To, me ya sa wannan ya mamaye nan, wancan ya mamaye can? Ra'ayina, bayan shekarun da na yi ina karanta waɗannan samfura, shi ne hanya da dama sun fi ƙarfin ƙwayar tasiri. Nau'in da ya riga shiga rukunin mutanen da cutar ke saurin yaɗuwa a cikinsu, ko masu allura, ko masu sana'ar jima'i da abokan hulɗarsu, ko ma'aikatan da ke nesa da iyalansu, shi ke cika wurin kafin wani ya iso. Babbar hujjata reshen C ne. Idan aka haɗa shi gasa da B ko D a kwalbar gwaji, sau da yawa shi ake kayarwa, amma ga shi yana riƙe da kusan rabin duniya. Duk da haka ban rufe ƙofar ɗaya bayanin ba. Wasu gwaje-gwaje sun nuna CRF02_AG ya fi A da G saurin hayayyafa a ɗakin gwaji, kuma mai yiwuwa hakan ya taimaka masa. Masana ba su gama daidaitawa kan wannan ba. Akwai ma waɗanda ke ganin G ɗin kansa gauraye ne, ba uba ba.

Shin gauraye ya fi haɗari?

Kasancewarsa gauraye kaɗai ba ya sa shi ya fi muni. Akwai dai nau'o'in da aka ga suna saurin kai mutum ƙasa idan babu magani. A Yuganda an tabbatar reshen D ya fi A saurin kaiwa ga ƙanjamau, kuma D ba gauraye ba ne. A Kyuba, wani bincike na 2015 ya danganta CRF19_cpx, haɗin A da D da G, da kaiwa ga ƙanjamau cikin shekara uku, alhali abin da aka saba gani shekara biyar zuwa goma ne. A Sin an lura CRF01_AE yana saurin rage CD4, CRF07_BC kuwa yana da jinkiri. Ga gauraye biyu a ƙasa ɗaya, halinsu ya saɓa. Kuma duk wannan magana ce ta jikin da ba a ba magani ba.

Gaskiya ne yawancin magungunan an ƙirƙiro su an kuma fara gwada su a kan reshen B, wanda kimanin kashi 12 cikin 100 ne kawai, kuma wannan ya taɓa tayar mana da hankali. Abin da shekaru suka nuna shi ne suna aiki a kan dukkan rassan rukunin M da gaurayensu. Haɗin tenofovir da lamivudine da dolutegravir, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita a 2019, yana danne CRF02_AG sosai. Wuraren da nau'i ke da tasiri na gaske kaɗan ne, amma ya kamata ki san su. HIV-2 ba ta jin nevirapine da efavirenz tun asali, haka ma yawancin rukunin O. Reshen C ya fi saurin samar da sauyin K65R da ke raunana tenofovir. Allurar cabotegravir da rilpivirine mai daɗewa a jiki an ga ta fi gazawa a kan A6, wani ɓangare na reshen A da ya mamaye Rasha, musamman in akwai wasu dalilai tare da shi. Na'urorin farko na auna yawan ƙwayar a jini ma sukan ba da adadi ƙasa da gaskiya a kan rassan da ba B ba, amma an gyara wannan tuntuni.

Inda gauraya ke ba ni tsoro shi ne tana iya ɗauko sauyin bijire wa magani ɗaya daga wannan zare, ta ɗauko wani daga wancan, ta haɗa su a ƙwaya guda. Sai kuma allurar rigakafi. Gwajin RV144 na Tailan, wanda aka sanar da sakamakonsa a 2009, ya ba da kariya ta kashi 31 cikin 100 a wurin da CRF01_AE ya mamaye. Da aka sake tsara allurar domin reshen C aka gwada a Afirka ta Kudu, ba ta yi aiki ba, aka dakatar a 2020. Gwajin Mosaico, wanda aka haɗa allurarsa daga guntayen rassa da yawa don ta fuskanci wannan bambanci, shi ma an tsayar da shi a 2023. Ba bambancin nau'i kaɗai ya jawo haka ba, amma yana cikin manyan dalilai.

Akwai kuma abin da nake son ki sani game da rubutun da ke saman takardar. A ɗakin gwaji abin da muka fi karantawa guntun sashen pol ne, haruffa dubu ɗaya da 'yan kai daga cikin 9,700, domin nan ne sauye-sauyen bijire wa magani suke. Daga wannan guntu kwamfuta ke fitar da sunan nau'i. Sau da dama nakan ga samfurin da aka ce G ne zalla, idan aka samu halin karanta saƙon gaba ɗaya sai a tarar wani ɓangarensa A ne. Don haka sunan kimantawa ne mai kyau, ba hukunci ba, kuma adadin gaurayen da ke duniya ya fi wanda ke rubuce, musamman a Afirka ta Tsakiya inda bambancin ya fi yawa amma samfuran da ake karantawa suka fi ƙaranci.

Majiyyacinki da matarsa

Ban ga fayil ɗinsa ba, saboda haka abin da zan iya shi ne in nuna miki inda za ki duba. Ki sauka ƙasa da sunan nau'in, wurin jerin sauye-sauye. In kin ga M184V, lamivudine ce ta yi rauni. K103N na nufin efavirenz da nevirapine sun tashi daga aiki. K65R na taɓa tenofovir, R263K kuma dolutegravir. Wannan jerin ne likitansa zai duba ya yanke shawarar sauya magani. In kuma jerin babu komai alhali ƙwayar ta yi yawa a jini, to mafi yawan lokaci maganin ne ba ya isa jiki yadda ya kamata. Ki tambaye shi cikin taushin murya ko yana tsallake sha, ko maganin ya taɓa yanke masa. Ki duba ko yana shan rifampicin na tarin fuka, domin yana rage dolutegravir a jini sai an ƙara masa miligiram 50 bayan awa 12. Ki tambayi maganin gyambon ciki da ƙwayoyin ƙarin jini ko na ƙarfin ƙashi, domin sukan riƙe dolutegravir a hanji in an sha su tare.

Sannan don Allah ki kiyaye abu ɗaya a bayaninki. Idan suka ji kalmar gauraye, zuciyar matar na iya zuwa kan cewa mijinta ya kwaso cutar daga wuri biyu. CRF02_AG ya gaurayu ne shekaru da yawa da suka wuce a jikin wani da ba wanda ya sani, kuma tun daga lokacin a haɗe yake yawo daga mutum zuwa mutum. Kamuwa ɗaya ta isa a same shi. Takardar ba ta faɗi daga wa ya samu ba, ba ta kuma faɗi yaushe ba.

Game da zamansu, idan dukkansu ƙwayar ta kwanta har gwaji ba ya ganin ta, batun ɗaya ya sake sa wa ɗaya wani nau'i ba abin damuwa ba ne, domin ƙwayar da aka danne ba ta tsallakawa ta jima'i, ba ta kuma samun damar gaurayuwa. Yanzu dai tasa a tashe take, kuma mai yiwuwa ta bijire wa irin maganin da ita ma take sha. Haɗarin gare ta ƙarami ne muddin tana shan nata a kan lokaci, amma yana nan. Ki ba su shawarar amfani da kwaroron roba har tasa ta kwanta, a auna yawan ƙwayar a jininta ita ma in an daɗe ba a yi ba, shi kuma a sake auna nasa bayan wata uku na shan magani ba fashi. In har a lokacin yawan ƙwayar ya haura 1,000 a kowace mililita ta jini, sai likitansa ya sauya masa haɗin bisa abin da jerin sauye-sauyen ya nuna.